Lambar da Yaya Bai Rubuta Ba

Litinin, 5 ga Mayu

Sau huɗu babur ya mutu da ni yau tsakanin gida da makaranta. Babur ɗin da shekara biyu ke nan ko tari bai taɓa yi ba. Da na rage gudu a mahaɗa sai ya shaƙe ya yi shiru, masu mota na ta danna mini oda kamar ni na ƙirƙiro cunkoso. Na shiga ƙofar makaranta takwas da kwata, gumi har cikin takalmi. Shugaba na tsaye bakin ofis. Ya ɗaga hannu ya duba agogo a hankali, yadda zan gani.

Juyen baƙin mai kawai na kai shi garejin Yaya ranar Asabar. Na ce, Yaya, mai kawai, kada ka taɓa komai. Ya ce to. Na san wannan "to" ɗin tun ina 'yar firamare. Da shi ya kwance rediyon Baba, har Baba ya rasu ba a sake jin labarai a ciki ba.

Talata, 6 ga Mayu

Sau biyar. In na saki totur salansa sai ya riƙa harbi, tas-tas, kamar an watsa gishiri a wuta. Zafin injin har a ƙaurina nake jinsa.

Shugaba ya kira ni ofis. Ya ba ni kujera, abin da ba ya yi sai in zai yanka mutum. Wai Alhamis ta sama, sha biyar ga wata, 'yan ajin ƙarshe za su yi jarrabawar gwajin sinadarai, dole a buɗe ɗakin gwaji ƙarfe bakwai a haɗa ruwan gwaji kafin masu sa ido su iso. Ni yake gaya wa. Ni da na shekara goma sha tara ina haɗawa. Wai in na sake makara ko sau ɗaya daga nan zuwa ranar, zai miƙa ajin da makullin ɗakin ga Sabon Malami, "don hankalin kowa ya kwanta."

Sabon Malami, wanda na kama yana shirin tuttula ruwa a kan asid.

Yara talatin da takwas. Shekara uku ina tare da su, na san wadda hannunta ke rawa in ta riƙe kwalba, na san wanda sai an tsaya kusa da shi yake iya karanta ma'auni. Ba zan ba kowa su a ranar ƙarshe ba.

Motar haya ta farko ba ta isa unguwar makarantar sai takwas da rabi. Dalilin sayen babur ɗin ke nan tun farko.

Laraba, 7 ga Mayu

Na fito da awa guda a hannu, na isa saura minti shida. Sau biyu na tsaya gefen titi ina jiran injin ya huce kafin ya yarda ya tashi.

Da aka tashi na wuce garejin. Yaya na tsugune gaban wani tsohon mashin, kai a karkace, sukundireba a hannu, yana sauraro kamar mai jin gulma ta katanga. Na tsaya a kansa. Sai da ya gama murɗawarsa ya ɗago. "Malama, an tashi lafiya?" In ya ce mini Malama to da laifi a ƙasa.

Na ce me ka yi wa babur ɗina. Ya ce juye. Na ce bayan juye. Ya ce ya ɗan duba iskar taya. Na ce bayan iskar taya. Ya goge hannu da tsumma har sau uku, hannun da ba abin da ya rage a jikinsa, sannan ya ce ya ɗan rage masa mai. Wai yana shan fetur.

Na ce ta ina? Babur ɗin nan ba shi da kafireta, injekta ne, ƙwaƙwalwa ce ke auna masa mai, babu sukurun da za ka murɗa. Sai fuskarsa ta washe, wai shi mai sabon ilimi. Ashe wani abokin sana'arsa ne ya nuna masa a waya: ka danne maɓallai biyun da ke jikin agogon babur, ka murɗa makulli, ka ƙirga takwas, sai wata lamba ta fito a allon. Ita ce ke gaya wa ƙwaƙwalwar yawan man da za ta fesa. Ka danna hagu ta ragu, ka danna dama ta ƙaru.

Na ce to, mayar da ita yadda take. Ya sake goge hannu da tsumma.

Na ce, Yaya, nawa ka tarar da ita? Ya sosa ƙeya. Wai kamar akwai huɗu a ciki. Ko bakwai.

Bai rubuta ba. Mutum ɗan shekara hamsin da takwas, shekara arba'in a sana'a, ya shiga ƙwaƙwalwar babur ɗina ya canza lamba, bai ɗauki ko gawayi ya zana ta a bango ba. Ya nuna mini wadda ke ciki yanzu: ashirin da biyar, da alamar ragi a gabanta. Na ce sau nawa ka danna? Ya ce sai da kunnensa ya ce ya isa.

Na tura babur na fito. Da na ƙara minti ɗaya da na faɗi abin da Inna za ta yi wata tana kuka a kai.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na karanta littafin babur ɗin daga bango zuwa bango lokacin hutun tara. An faɗi yadda ake wanke shi, an faɗi kada a sha ruwan batir. Lambar babu.

Na kira shagon da na saye shi. Mai Gilashi ne ya ɗauka, shi da ya yi ta ce mini Hajiya ranar ciniki. Wai kowane babur da tasa lambar, a masana'anta ake saita ta da wata na'ura da ake cusawa a salansa tana shinshina hayaƙi, ba a rubuta ta ko'ina. Tasu na'urar an tafi da ita wani reshe, sai ƙarshen wata. Ya ce, "Wa ya taɓa miki?" Na ce wani makanike. Ya ce ai matsalarsu ke nan, 'yan gefen titi. Na kashe wayar. Ni kaɗai ke da ikon zagin Yaya.

Iska kashi sha huɗu da ɗigo bakwai, fetur kashi ɗaya. Sau nawa na rubuta wannan a allo? Mai ya yi kaɗan, wuta ta yi zafi, ta ci ƙarfe. Ban taɓa zaton darasin zai tsaya da ni a tsakiyar titi ba.

Juma'a, 9 ga Mayu

Babur ya mutu a cikin shataletale, babbar mota na bayana. Na ji ƙarar birkinta a haƙorana. Direban ya leƙo ya ce wani abu game da mata da babur. Na tura babur gefen titi.

Na isa saura minti biyu. Alli ya karye a hannuna sau biyu.

Asabar, 10 ga Mayu

Na je gaida Inna. Ban yi niyyar gaya mata zancen shataletale ba, bakina ne ya zame. Ta dafe ƙirji, ta yi salati, sannan ta ce, "Amma ai yayanki ya ce ya rage masa gudu."

Na ajiye kofin shayi a hankali don kada in jefa shi.

Ashe ba shan fetur ba ne. Inna ce ta kira shi. Maƙwabciyarta ta ga na wuce wai kamar iska, mayafi na tashi, sai Inna ta ce wa ɗanta ya yi wa babur ɗin dabara ba tare da na sani ba. Shi kuma ya saba: in tsoho ya kawo mashin, 'ya'yansa suka yi masa raɗa, sai ya ɗan shaƙe kafireta, tsoho ya tafi yana cewa mashin ya tsufa. Shi ya yi mini. Ni tsohon.

Shekarata arba'in da bakwai. Na binne miji, na aurar da 'ya, ina riƙe da makullin ɗakin da ke da abin da zai iya narka ƙarfe, amma uwata da yayana sun zauna sun yi shawarar gudun da ya dace da ni.

Abin da ya fi ƙona mini rai: ko gudun bai ragu ba. Lambar nan aikinta a ƙasa ne, lokacin da injin ke silo, wato yana aiki a tsaye, ko ana tafiya a hankali. A miƙaƙƙen titi yana gudunsa kamar da. Abin da suka ƙara mini kawai shi ne mutuwa a gaban babbar mota. Na gaya wa Inna haka, kalma kalma. Ta ce, "Ni dai tsoro nake ji." Na ce garin neman gira kun kusa rasa ido, Inna. Ta fara share hawaye da bakin zane. Na ɗauki jakata.

Ban ji tausayi ba. Ko na ji, ba yau ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Da hantsi Yaya ya zo, ba sallamar kirki, da kwalin fulogi sababbi guda shida a leda. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon babur, ba ya kallona. Inna ta gaya masa zancen babbar motar, a fuskarsa na gani.

Na bar shi tsaye na gama shanyar kaya.

Ya ce, a kafireta in ka ɓata saiti ba ka damuwa. Sai ka murɗa sukurun ciki har ya tsaya, ka dawo da shi ɗaya da rabi, ka dawo gida ke nan. Kullum akwai gindin da za ka ƙirgo daga shi. "Wannan ba shi da gindi, Auta. Na yi ta nema." Shi ya sa bai rubuta ba. Tunda yake bai taɓa bukatar rubutawa ba, yatsunsa ne littafinsa.

Na ce wannan bayani ne, ba uzuri ba. Ya ce bai ce uzuri ba ne.

Na shimfiɗa masa sharaɗi. Za mu nemo lambar, amma yadda nake so. Na ɗauko tsohon littafin darasi na ja layi huɗu: lamba, yadda silo yake, harbin salansa, launin fulogi. Ba a taɓa maɓalli sai na rubuta. Ba a yanke hukunci sai injin ya yi zafi. Ni ke hawa in zagaya, shi ke kwance fulogi. Ya ce, "To, Malama." Na ce kada ka sake ce mini to.

Ya kwance fulogin da ke ciki ya miƙo mini. Fari fat, kamar allina. Ya ce wannan yunwa ce, in aka ƙara mako a haka fistin zai huje. In ya yi baƙi da toka, ƙoshi ya yi yawa. Wanda muke nema ruwan shayi da ɗan madara.

Ragi goma: har yanzu fari, yana harbi. Sifili: ya daina mutuwa amma silo na rawa. Na ce mu je biyar. Ya ce mu je ashirin, a wuce shi tukuna sannan a dawo, haka ake kama kaza. Na ce ba kaza muke kamawa ba. Muka je ashirin don in nuna masa. Warin fetur ya cika gidan, fulogi ya fito baƙi ƙirin. Ya ce, "Yanzu mun san tana tsakani." Haushin shi ne gaskiya ya faɗa, kuma abin da nake koya wa yara ke nan in suna neman inda ruwan gwaji zai canza launi. Ban gaya masa ba.

Litinin, 12 ga Mayu

Na tafi makaranta a kan goma. Bai mutu ba. Sau ɗaya ya yi tari a gangaren gada. Na isa da minti ashirin a hannu, na zauna a ɗakin malamai ina kallon Shugaba yana neman abin dubawa a agogonsa.

Sabon Malami ya tambaye ni inda nake ajiye takardar tace ruwa, "ko da za a bukata." Na ce a inda take.

Talata, 13 ga Mayu

Zan kashe Yaya.

Na kai babur garejin bayan an tashi, muka sa sha biyar, na bar shi yana ɗumama na tsallaka sayen ruwan sha. Na dawo na zagaya, sai na ji wani abu daban: ya fi sauƙi, kamar an rage masa mai. Ta yaya za a ƙara mai ya yi kamar an rage? Na duba shafina, na sake dubawa, lissafin ya ƙi. Rabin awa ina zargin kaina.

Sai ga abin tace iska a kan benci, tsohon, baƙi da datti. Ya sa sabo ina tsallaken titi. Wai ya ga ya toshe, ya ce bari ya taimaka.

Na ce, Yaya, abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. Ɗaya. Yaran da ba su fara aski da kansu ba sun san wannan. Ka ƙara masa iska, duk abin da muka rubuta tun Lahadi ya zama shara. Ya ce ai dama sai an canza shi. Na ce da sai ka bari na dawo ka buɗe baki. Wannan ce cutarku kai da Inna, ku yi wa mutum alheri a ɓoye kamar masu sata.

Masu jiran gyara biyu suka sunkuyar da kai. Mai facin taya na gefe ya kashe injinsa don ya ji da kyau. Yaya ya ɗauki biron da na jefar ya goge shi da tsumma, ya buɗe sabon shafi, ya ja layi huɗu da kansa, a karkace. Ya rubuta a sama: sabon filta. Ya miƙo mini.

Rabon da in ga rubutunsa tun takardar da ya bar wa Baba ranar da ya daina zuwa makaranta ya koma gareji. Ina aji uku na firamare lokacin. Ni aka bari na ci gaba.

Ba wannan nake rubutawa ba. Mun sake daga sha takwas. Baƙi-baƙi. Sha huɗu, ya kusa.

Laraba, 14 ga Mayu

Sha huɗu da safe lafiya lau har makaranta, amma da na tsaya a ƙofa na ji ɗan warin mai.

Da yamma a garejin muka gwada sha biyu, muka gwada goma. A goma Yaya ya tsuguna, ya karkata kai, ya ɗaga mini yatsa in yi shiru. Ya ce, "Kin ji? Yana ɗingishi. Duk bugu bakwai takwas sai ya tsallake ɗaya." Ban ji komai ba sai ƙarar injin. Ya kama hannuna ya ɗora a kan tanki, ya ce rufe ido. Na rufe don a wuce wurin. Can sai na ji shi, ɗan rami a cikin bugun, kamar mai karatu ya haɗiye wasali.

Sha ɗaya: ramin ya cike. Na zagaya sau biyu, har gangaren gada, ba tari ba harbi. Ya kwance fulogi na ƙarshe a kwalin, ya ɗaga shi a hasken ƙofa, ya miƙo mini. Ruwan shayi da ɗan madara.

Ya ce, "Ai na gaya miki akwai ɗaya a ciki." Na ce huɗu ka ce, ko bakwai. Ya ce kunnena ne.

Ko ita ce lambar masana'anta, ko ba ita ba ce, Allah masani. Na rubuta ta a littafi, na rubuta a ƙarƙashin kujerar babur da fenti, na rubuta a bangon garejinsa da manyan haruffa, ban nemi izini ba.

Ya ce gobe ƙarfe nawa zan fita. Na ce ba ruwanka.

Alhamis, 15 ga Mayu

Bakwai saura kwata na buɗe ɗakin gwaji. Ko maigadi sai da na tashe shi daga kan benci. Shugaba ya iso bakwai da minti goma ya tarar da kwalabe talatin da takwas a jere, kowace da lambarta. Na ɗaga hannu na duba agogona, a hankali.

Yaran sun yi. Mai rawar hannu ba ta zubar da ko ɗigo ba. Sabon Malami ya riƙe ƙofa, aikin da ya dace da shi.

Da safe, tun daga mahaɗar farko na ga Yaya a madubi. Tsohon mashin ɗinsa mai hayaƙi, akwatin kayan aiki ɗaure a baya da roba, ya bar mota biyu tsakaninmu wai kada in lura. Kilomita ashirin da biyu. Ban waiwaya ba.

Da aka tashi ƙarfe ɗaya yana nan ƙarƙashin bishiyar bakin ƙofa. Ya rufe gareji yini guda. Ya ce wai wani aiki ne ya kawo shi unguwar. Na ce wane aiki. Ya ce an fasa.

Ya buga nasa mashin ɗin zai bi ni, ya tashi ya mutu. Ya sake bugawa, ya tashi yana rawa. Ya ciro sukundireba daga aljihu ya tsuguna, ya murɗa, ya karkata kai, ya miƙe zai mayar aljihu. Ina zaune a kan nawa, hular kwano a kaina, ban san lokacin da bakina ya ce, "Ƙara kwata. Yana ɗingishi."

Ya dube ni. Ya koma ya tsuguna, ya ƙara kwata. Bugun ya daidaita.

Ya ce wa ya koya miki. Na ce littafi.

A hanya, da muka tsaya a danja, ya matso gefena ya ce akwai wasu babura masu injekta guda biyu da aka kawo masa tun watan jiya, ya jingine su a bango, kullum yana ce wa masu su kaya ne ba su iso ba. Ya faɗa yana kallon gaba. Danja ta ba da hannu, na wuce.

Ban yafe masa ba. Inna ma sai ta jira. Asabar dai zan biya ta garejin da sabon littafin rubutu, don kada ya ɓata wa bayin Allah babura, shi ke nan. Kuma rubutun littattafan baburan nan ƙanana ne, idonsa ba kamar da ba.